Ƙofa Ɗari Biyu da Goma Sha Huɗu

Ƙarfe biyu na dare a Hull.
Iskar Humber tana lasar tagar ofis,
ƙarnin kifi ya hawo bene ya same ni
ina ƙirga ƙofofi.

Ba na katako ba.
Kowace kwamfuta ƙofa ce, kowace waya taga,
ɗari biyu da goma sha huɗu a kamfanin nan,
ɓarawo kuwa guda ɗaya ta ishe shi.

Ta Moira mai lissafin albashi na gyara tun la'asar.
Takan rubuta kalmar sirri a 'yar takarda rawaya
ta danne da kofin shayi.
Na ce, Moira, kin kulle ɗaki kin bar makulli a baki.
Ta yi dariya, ta miƙo min biskit.

Ta Mista Ackroyd ce ta sha min kai.
Mako bakwai na'ura na roƙon a sabunta ta,
mako bakwai yana danna mata sai anjima.
Maigida ne, ba a ɗaga masa murya,
sai na jira ya fita cin abinci
na yi mata allurar a ɓoye,
kamar yaron da aka ruɗa da alawa.

Direbobi fa?
Gethin yana can hanyar Leeds da wayar kamfani a cinya,
duk rijiyar da ya gani sai ta sha,
ta gidan mai, ta gidan shayi,
ba ya tambayar wa ya haƙa.
Na ɗaura mata rariya daga nan inda nake.

Kakana Maigoro bai taɓa kwana bakin rumbu ba.
Gindi yake zagawa da kwaɓin laka a tafin hannu,
yana lalubar tsaga da babban yatsa.
Yakan ce, Lantana, gara ba ta sallama.
Ya rasu bai ga kwamfuta ba,
amma aikinsa nake yi, da rigar sanyi biyu.

Uku saura kwata, allon ya yi ja.
Wani abu na ƙwanƙwasa ƙofofi daga ciki,
ɗaya bayan ɗaya, a hankali,
kamar baƙon da ya san gida.
Na duba jerina sama da ƙasa.
Sunan ba ya ciki.

Na sauka da gudu, takalmi ɗaya a kwance.
Ɗakin ƙanƙara, bayan akwatunan kifi,
ga tsohuwar na'urar ma'auni tana lumshe ido,
ta girme ni a kamfanin da shekara goma,
ba wanda ya taɓa kiranta kwamfuta.
A kwiɓinta wani ya soke ɗan fulashi shuɗi,
mai yiwuwa a filin ajiye motoci ya tsinta
ya ce bari ya ga na wane ne.

Na fizge wayarta daga bango.
Na tsaya, numfashina na tashi fari,
yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa.
Sauran ƙofofin duk sun riƙe,
har ta Ackroyd,
allurar jiya ba ta tafi a banza ba.

Da asuba motoci suka fita kamar kullum.
Albashi zai shiga Juma'a.
Ba wanda zai karanta wasiƙar neman kuɗin fansa
da ba a kai ga rubutawa ba.

Ƙarfe tara ya leƙo, yana kaɗe ruwan sama daga lema.
Lantana, ya ce, shekara uku ba abin da ya faru,
wani lokaci nakan rasa me muke biyanki.
Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Na jawo jerina,
na soke huɗu, na rubuta biyar,
sannan na tsaya ina kallon firinta.